Makonni Biyun Farko: Jure Wahalar Barin Tabar Wiwi



Gabatarwa

Yawancin tarukanmu kan shaye-shaye da kira ɗaya suke ƙarewa: matasa su daina. Kiran daidai ne, sai dai ba kasafai muke gaya wa wanda ya amsa shi abin da zai tarar a daren farko da na uku da na bakwai ba. A waɗannan dararen ne da yawa suke komawa ruwa. Wannan takarda za ta tsaya ne a kansu, kuma matsayinta shi ne cewa wahalar barin wiwi tana da lokacin farawa da lokacin wucewa, sanin wannan lokaci kuwa shi ne babban makamin mai bari da iyalinsa.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye cikin shekara guda. Miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suke sha. Ke nan gidajen da za su wayi gari da mai ƙoƙarin dainawa ba kaɗan ba ne.

Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa

An daɗe ana cewa wiwi ganye ne kawai, ba ya kama mutum. Likitanci ya bar wannan magana. A 2013, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da wahalar barin wiwi cikin bugu na biyar na kundinta na cututtuka. A 2020 kuma, wani nazari da mujallar JAMA Network Open ta buga, wanda ya tattara bayanan mutum sama da 23,000, ya gano kusan kashi 47 cikin ɗari na masu sha a kai a kai suna fama da ita idan sun tsaya.

Dalilin yana cikin sinadarin THC, wanda shi ne mai bugarwa a wiwi. Jikin ɗan Adam yana samar da nasa sinadarai masu kama da shi, waɗanda ke taimakawa wajen daidaita barci, jin yunwa da natsuwa. Idan THC yana shiga kullum, sai ƙwaƙwalwa ta rage ƙofofin da ke karɓar wannan saƙo. Kamar mai zama kusa da injin markaɗe ne da ya toshe kunnensa da auduga: ranar da injin ya tsaya, ko maganar 'yan gidansu ba zai ji sosai ba sai ya cire audugar. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna waɗannan ƙofofi suna fara dawowa cikin 'yan kwanaki, su koma kusan yadda suke bayan kimanin mako huɗu.

Yadda wahalar ke tafiya

Alamomin sukan fara ne tsakanin awa 24 zuwa 72 bayan zuƙar ƙarshe, su tsananta cikin makon farko, yawancinsu su lafa cikin mako biyu. Akwai saurin fushi, fargaba, rashin sukuni, baƙin ciki, rashin cin abinci, ciwon kai, ciwon ciki, gumi da rawar jiki. Barci ne ke jinkirin dawowa, domin yakan kai wata guda ko fiye.

Ga yadda abin yake a cikin gida. Rana ta uku, uwa ta ajiye wa ɗanta tuwo da miyar da ya fi so, ya yi loma biyu ya ture kwanon. Ƙaninsa ya taɓa wayarsa, ya daka masa tsawar da maƙwabta suka ji. Ƙarfe uku na dare yana zagaye tsakar gida, riga jiƙe da gumi. Da ya samu ya runtsa, sai ya farka a firgice, domin wiwi yana danne matakin barcin da ake mafarki a cikinsa, idan an bari sai mafarkan su dawo da ƙarfi. Da safe kaka ta ce shafar aljanu ce, uba ya ce rashin kunya ce, abokai a majalisa su ce: “Ka gani ko? Ganyen ne ke daidaita maka kai.” Shi ma sai ya yarda cewa barin ne ke neman haukata shi. Alhali yana tsakiyar mafi tsananin kwanakin ne, sauƙi na gaba kaɗan.

Hanyoyin jurewa

Na farko, a sa rana, a kuma sanar da mutum ɗaya da aka amince da shi. Mai sha sau da yawa a yini zai iya ragewa sannu a hankali kafin ranar, don alamomin su zo da sauƙi. A fitar da ragowar ganye da takardar naɗi daga ɗaki, a goge lambar dila.

Na biyu, ƙishirwar sha tana tasowa ne ta yi ƙarfi, sannan ta sauka da kanta. Idan ta taso, a tashi daga inda ake: a yi wanka, a yi alwala a tafi masallaci, a taka zuwa filin ƙwallo. A lura da lokacin da aka saba sha, kamar bayan magariba, a cike shi da wani aiki tun kafin ya zo.

Na uku, barci. A riƙa tashi a lokaci ɗaya kullum ko da daren bai yi daɗi ba, a guji dogon barcin rana, a bar goro, kofi da shayi mai kauri tun daga la'asar, a ajiye waya idan an kwanta. Motsa jiki da rana yana taimakawa ƙwarai.

Na huɗu, abinci. Kada a tilasta babban kwano. Kunu, koko, fura, ayaba ko farfesu kaɗan-kaɗan sun isa, tare da ruwa mai yawa.

Na biyar, kuma mafi hatsari: kada a maye gurbin wiwi da ƙwaya. Da yawa sukan nufi kemis su sayi diyazefam don barci, ko su koma tiramol da kodin. Wahalar barin wiwi kaɗai ba ta cika zama barazana ga rai ba, amma tsayar da giya ko ƙwayoyin barci farat ɗaya bayan jiki ya saba da su yana iya jawo jijjiga har da rasa rai. Har yanzu babu wani magani da aka amince da shi takamaimai don barin wiwi. Abin da bincike ya fi tabbatar da amfaninsa shi ne zaman shawara da ƙwararru, inda mutum ke koyon gane abin da ke ingiza shi da yadda zai kauce masa.

Yaushe za a tafi asibiti

A garzaya idan mutum yana jin muryoyin da babu su, ko yana zargin ana bin sa, ko yana maganar kashe kansa, ko ya kwana da yawa bai runtsa ba, ko yana haɗa wiwi da giya ko ƙwayoyi. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato, Maiduguri da Dawanau ta Kano, ga kuma sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ma tana da sashen ba da shawara da gyaran hali.

Mari da bulala kuwa ba magani ba ne. Duk mun tuna watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fitar da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Sarƙa tana hana mutum isa ga wiwi, amma ba ta koya masa abin da zai yi ranar da aka kwance shi ya wuce ta gaban tsohuwar majalisarsa.

Kammalawa

Kirana ga iyaye shi ne su ɗauke kai daga tsaki da fushin makonni biyun farko, su ajiye gori da tone-tonen laifin baya zuwa lokacin da hankali ya kwanta. Idan yaro ya zame ya sha sau ɗaya, kada a ce “da ma mun san ba za ka iya ba”. A tambaye shi abin da ya ja shi, a sake sa rana. Malamai su haɗa wa'azin tuba da bayanin abin da jiki zai ji bayan tuban, domin addu'a da asibiti ba sa faɗa da juna. Hukumomin lafiya kuma su horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane waɗannan alamomi. Matashin da ke shirin dainawa, ka sani wahalar da za ka ji alama ce ta ƙwaƙwalwarka tana komawa daidai, kuma tana da iyaka. Ka sa rana, ka nemi mai tsaya maka.