Rance Don Gyara Gine-ginen Jami'a: Wa Zai Biya?

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani malamin jami'a, masanin tattalin arziki, ya gabatar a wani zaman ƙara wa juna sani da ɗalibai suka shirya.

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzo (S), malamin ya fara da cewa gini ba ya yajin aiki, ba ya zanga-zanga, shi ya sa duk lokacin da kuɗi suka yi ƙaranci, kason gyara ake fara yankewa. Albashi dole a biya ƙarshen wata, amma rufin da ke yoyo sai a ce a tara bokiti zuwa baɗi. Haka za a yi ta ɗagawa har tsagar da buhun siminti ɗaya zai toshe ta kai ga sai an rushe bango. Rigakafin da aka ƙi yi da arha, in ji shi, shi ake dawowa a yi maganinsa da kuɗin rance.

Ya ce da gangan ya ɗauko misali daga jihar Kalifoniya ta Amurka, don kada wani ya zaci wannan ciwon na matalautan ƙasashe ne kaɗai. Jami'o'in gwamnatin jihar sun yi gine-gine birjik a shekarun 1950 zuwa 1970, to ga shi duk sun tsufa a tare, alhali yankin na girgizar ƙasa ne. A 1994 girgizar ƙasa ta yi wa jami'ar jihar da ke Northridge mummunar ɓarna.

Malamin ya bayyana cewa yadda suke yi shi ne gwamnatin jiha ta sayar da takardun bashi ga masu kuɗi, ta yi gini da abin da ta tara, sannan ta riƙa biya da ruwa daga harajin jama'a shekara da shekaru. Amma sai jama'a sun amince ta hanyar ƙuri'a. A 2006 sun amince da dala biliyan 10.4 don makarantu da jami'o'i. A watan Maris na 2020 aka sake zuwa musu da buƙatar dala biliyan 15, wanda biliyan 6 na manyan makarantu ne, sai kimanin kashi 53 cikin 100 suka ce a'a.

A nan malamin ya ɗan tsaya. Ya ce ofishin da ke yi wa majalisar jihar lissafi ya ƙiyasta cewa biyan wannan bashin zai ci dala biliyan 26 cikin shekara 35, wato kusan miliyan 740 duk shekara. Biliyan 11 kenan zunzurutun kuɗin ruwa, wanda ko bulo ɗaya ba zai ɗora ba. Wannan ita ce ribar da addini ya haramta, in ji shi, kuma ko wanda ba ruwansa da addini ya ga yadda take cin kason gobe. Sai dai ya ce adalci shi ne a faɗi hujjar masu goyon baya: ginin da za a amfana da shi shekara 50, me zai sa masu biyan harajin bana su ɗauki nauyinsa su kaɗai? Kuma ƙin rancen bai toshe yoyon ba. Da aka dawo a Nuwamban 2024 da buƙatar biliyan 10 jama'a sun amince, amma an cire jami'o'in, aka bar makarantun firamare da sakandare da ƙananan kwalejoji.

Ya ci gaba da cewa tun 2013 majalisar jihar ta ba Jami'ar Kalifoniya damar cin bashin da kanta, ta biya daga kason da gwamnati ke ba ta. Ma'ana, biyan bashi da albashin malamai sun koma cin tuwo a kwano ɗaya, kuma mai bin bashi ne ke fara sa hannu. Idan kwanon ya kasa, aljihun ɗalibi ne mafi kusa.

Misalin da ya fi jan hankalin mahalarta shi ne filin wasan jami'ar da ke Berkeley, wanda aka gina a 1923 daidai kan tsagar ƙasar da ake kira Hayward. An gyara shi kan dala miliyan 321, aka sake buɗewa a 2012, da zaton sayar da kujerun alfarma ga attajirai zai biya bashin. Cinikin bai kai yadda aka zata ba, ala tilas hukumar jami'ar ta ɗauke wa sashen wasanni wani ɓangare na nauyin. A shekarar 2012 ce kuma Jami'ar Kalifoniya ta sayar da takardun bashin da wa'adinsu shekara 100 ne. Ya ce ko jikan wanda ya sa hannu da wuya ya ga ranar biya.

Da aka zo tambayoyi, wani ɗalibi ya nemi sanin ko akwai hanyar da ba rance mai ruwa ba. Malamin ya tuna masa cewa yarjejeniyar ASUU da gwamnatin Babangida ta 1992 ita ta haifar da harajin ilimi na kashi 2 cikin 100 a kan ribar kamfanoni a 1993, asusun da ya koma TETFund a 2011. Ya kuma ambaci sukuk na Naira biliyan 11.4 da jihar Osun ta fitar a 2013 don gina makarantu, amma ya ja kunne cewa shi ma sukuk biyansa ake yi daga kuɗin shigar jiha, don haka kafin a yi murna da sabon gini a tambayi nawa aka ware na gyaransa duk shekara. Wani kuma ya tambaya game da gidajen kwanan ɗalibai da 'yan kasuwa ke ginawa su karɓi haya, sai lokacin salla ya yi, aka ɗage amsar zuwa zama na gaba.