Busta A Birkin Keken Tirayal: Ka Saya Ko Ka Riƙe Kuɗinka?

 

Yau hirar ta keke ce. Wani ɗan ƙarfe za mu tattauna a kai, wanda bai fi tafin hannu ba, ana ce masa busta. Tambayar ita ce, wanda ya mallaki keken tirayal mai birkin da ke kama rim, yana buƙatar wannan ƙarfen ko kuwa ɓarnar kuɗi ce kawai?

Ga waɗanda ba su san tirayal ba, wasa ne na hawa abubuwa da keke ba tare da ka sa ƙafa a ƙasa ba. Dutse, katanga, gungumen itace, bututun siminti. Ba gudu ake yi ba, tsalle ne da daidaita jiki. A gasa duk sa ƙafar da ka yi a ƙasa asara ce a kanka. Wasan ya samo tushe a yankin Kataloniya na ƙasar Sifen a shekarun 1970, daga tirayal na babura. Pere Pi, wanda ya yi aiki da kamfanin babura na Montesa, shi ya ƙera wa ɗansa Ot Pi irin wannan keken, yaron kuma ya girma ya zama zakaran duniya. Da yawanmu kuwa ta bidiyo muka san abin, musamman na Danny MacAskill ɗan Sikotland, wanda ya fito a watan Afrilun 2009 yana bin kan shingen ƙarfe da katangu a birnin Edinbura.

Kekunan akwai mai taya inci 20, akwai mai inci 26, akwai kuma mai inci 24 na wasan cikin gari. Na gasa ko sirdi ba su da shi, don ba zama aka zo yi ba.

To me ya sa birki ya zama babbar magana a nan? A keken zuwa makaranta, aikin birki ya rage maka gudu. A tirayal aikinsa ya kulle taya kam, nan take. Ka ɗaga gaban keke kana tsaye a kan tayar baya, ka saki birki, ka doki feda, keken ya yi tsalle gaba, kana sauka ka sake damƙewa. Duk nauyinka yana kan robobi biyu da yatsa ɗaya ke matsawa. Idan birkin bai kama a wannan daƙiƙar ba, keken zai zille ta gaba ya bar ka, ƙeya ce za ta fara isa ƙasa. Idan kuma a bakin katanga ka sauka, tayar za ta sulale baya ka faɗo. Shi ya sa tun kafin mu je ko'ina nake cewa, hular kwano ba a cinikinta. Wanda bai da ita ya fara sayenta kafin ya yi zancen busta.

Yanzu mu duba yadda birkin yake aiki. Wanda ya fi shahara a wajen masu tirayal shi ne HS33 na kamfanin Magura da ke Jamus. Birki ne mai aiki da mai, ba waya ba. Ka ja hannun birki, mai ya bi ta cikin siririn tiyo ya tura robobi biyu, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, su matse rim. Wasu kuma suna amfani da birkin waya mai hannaye biyu dogaye, wanda ake kira V. Dukkansu a jikin siraran bututu biyu na firam ake ɗaure su, waɗanda suka sauko daga wajen sirdi zuwa tsakiyar tayar baya.

Ga inda gizo ke saƙa. Ka tsaya a cikin ƙofa ka tura gefe ɗaya da hannu, ai kai ma ana tura ka baya. Haka birki yake. Da ƙarfin da roba ta matsa rim, da shi ake tura bututun firam ɗin waje. Idan firam ɗin mai ƙarfi ne, ba zai motsa ba, ƙarfin yatsanka duka ya tafi kan rim. Idan mai laushi ne, sai bututun biyu su buɗe kaɗan. Kana ja, firam na shanye wani kaso na ƙarfin, hannun birkin ya yi ta tahowa kamar kana matsa soso.

Busta maganin wannan buɗewar ce. Farantin ƙarfe ne mai siffar harafin U a kife, yawanci na alminiyom, akwai na kabon, akwai na baƙin ƙarfe. Yana hayewa ta saman taya ya haɗa mazaunin birkin dama da na hagu, ya riƙe su kada su ware. Akwai mai ƙusa biyu, akwai mai ƙusa huɗu, mai huɗun ya fi riƙo. Aikinsa ke nan, ba shi da wani.

Ku riƙe wannan da kyau, don a nan mutane ke asarar kuɗi. Birki mai laushi yana da dalilai da yawa, busta kuwa ɗaya kaɗai take warkarwa. Iska ta shiga cikin mai? Busta ba ruwanta. Roba ta cinye ko ta karkace, gefe ɗaya ne ke taɓa rim? Ba ruwanta. Mai ya ɗiga a rim, ko wayar birki ta tsufa tana miƙewa? Ko busta goma ka ɗaura, yadda kake haka za ka zauna. Mai ciwon haƙori ne ya je ya sayo maganin ciki.

Saboda haka kafin ka tura ko sisi, ga abin da za ka yi, a jere.

Da farko gyara abin da ke hannunka. Wanke rim tas. Duba robobin, su zauna daidai a kan rim, fuska da fuska, tazararsu ɗaya dama da hagu, kusa da rim gwargwadon yadda taya za ta juya ba gogawa. Idan birkin mai ne, a fitar da iskar. A nan ina roƙonku, kada wani ya zuba man birkin mota a cikin Magura. Man da aka yi shi da shi daban ne, irin na ma'adinai, na mota zai lalata robobin da ke ciki. Idan na waya ne, sa sabuwar waya da sabon bututunta. Masu tirayal kuma suna karce gefen rim da giranda don ya yi kaushi, wasu su ɗan goga kwalta. Wannan karcewar tare da roba mai kyau tana canza birki fiye da yadda busta za ta canza shi. Amma ku sani, duk karcewa tana rage kaurin rim, kuma giranda ba abin wasa ba ce, a ba wanda ya iya.

Na biyu, gwajin ido. Tsaya a bayan keken, aboki ya matse birkin baya da irin ƙarfin da ake matsawa lokacin tsalle, da yatsa ɗaya, ba da hannu biyu ba. Kai kuma ka zuba wa mazaunin birkin ido. Ka ɗora rula a tsakanin bututun biyu, ko ka ajiye waya ta ɗauki bidiyo kusa-kusa ka kalla a hankali. A ganina, idan sai ka ƙura ido sosai kafin ka ga motsi, firam ɗinka lafiya lau. Idan kuwa ƙarara kake ganin suna buɗewa suna rufewa kamar numfashi, to kai ne aka yi wa busta.

Na uku, duba ƙirar firam ɗin kansa. Da yawa daga cikin sababbin firam na gasa an riga an haɗa musu busta a jiki, za ka ga wani kakkauran ƙarfe da aka yi wa walda a saman taya, mazaunin birki na jikinsa. Irin wannan ƙara masa wata busta sau da yawa nauyi ne kawai. Amma tsofaffin firam, da marasa nauyi masu siririn bututu, da kekunan hawan tsauni da mutum ya mayar na wasa, su ne suka fi buɗewa. Mu kuma a nan galibin abin da ke zuwa hannunmu na gwanjo ne, wani ya riga ya mora a Turai. Wannan ya sa tambayar ta fi shafarmu.

Akwai dalili na biyu da ya fi jin daɗin yatsa muhimmanci, shi ne ran firam ɗin. Ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, a ƙarshe me zai faru? Ta karye. Alminiyom haka yake gajiya. Mai tirayal yana matse birki sau ɗaruruwa a yini ɗaya, kowace matsa bututun ya buɗe ya koma. A hankali tsaga ta fito a gefen waldar mazaunin birki. Firam ɗin alminiyom idan ya tsage, ba kowane mai walda ne zai iya shi ba, ko an like ma wajen ba ya komawa ƙarfinsa na da sai an sake gasa ƙarfen. Ga wanda sai ya yi odar firam daga waje da kuɗin dala, ƙaramin farantin da zai rage wannan lanƙwasar ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Rigakafi ya fi magani. Kuma tana ɗan kare siririn tiyon nan da ke haɗa ɓangarorin birkin biyu, wanda diddige kan fizge.

Amma a faɗi gaskiya, busta na da nata. Tana ƙara nauyi, wajen giram 100, wata ba ta kai ba, a keken da gaba ɗayansa bai cika kilo 10 ba. Ga ɗan gasa wannan abin lissafi ne, ga mai koyo ba komai ba ne. Tana iya gogar taya idan tayar mai faɗi ce, laka ma ta taru a wajen. Sannan su kansu masu wasan ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Da yawa na cewa busta na ƙara riƙo, wato taya ta ƙi sulalewa bayan ta kulle, amma tana rage musu cafka ta farko da wannan ƙarar da birkin ke yi. Wasu kuma ba sa son hannun birki ya yi tauri kamar katako, sun ce yana gajiyar da yatsa. Wannan zaɓi ne, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Idan ka yanke za ka saya, ka auna kafin ka biya. Mazaunin birkinka mai ƙusa huɗu ne ko irin na V mai sanda ɗaya kowane gefe? Mene ne faɗin tsakaninsu? Taya za ta wuce ta ƙarƙashi? Kuma dole sai da dogayen ƙusoshi da 'yan zobban da ke ɗaga ta, don busta ta ƙara kauri. Wanda ya maida tsohuwar gajeriyar ƙusa, zare biyu ko uku kawai za ta kama, yana ɗaurewa ta cinye zaren da ke cikin firam, ya jawo wa kansa aikin da ya fi na farko. A ɗaure a hankali, alminiyom ba ya son ƙarfin tsiya.

Birkin gaba fa? Gwajin ɗaya ne, amma na baya shi ke ɗaukar wahalar, da shi za ka fara. Mai birkin faifai kuwa, wannan hirar ba tasa ba ce gaba ɗaya, birkinsa ba ya tura firam waje.

To a taƙaice ga matsayata. Gyara birki tukuna. Bayan ka gyara, duba ko firam na buɗewa. Yana buɗewa, ko tsoho ne mai siririn bututu, ko kai mai nauyin jiki ne kana dira daga sama, sa busta. Ba ya buɗewa, ko yana da tasa a jiki, kuɗin ka kai su wajen roba mai kyau. Kuma kowane mako ka goge wajen waldar nan ka haska da fitilar waya. Ka ga siririn layi kamar gashi, ajiye keken, kada ka ce bari in ƙara tsalle ɗaya.

Wanda ya gwada busta a kekensa, ya faɗa mana a ƙasa me ya ji ya canza, da irin firam ɗin da yake hawa, don na baya su amfana. A tura wa aboki mai keke.