Yaron Da Ya Yi Tallan Gyaɗa: Gidan Da Jimmy Carter Ya Fito

Jawabin da aka gabatar a taron iyaye na ƙungiya

 



An ba mu dama mu ce wani abu dangane da tarbiyyar yara. To, wa'azi yana da masu shi, ga su nan zaune a gabanmu. Mu 'yan kasuwa ne, shi kuwa ɗan kasuwa sai ya ga kaya a faifai sa'an nan yake taya su. Saboda haka muka ga ya fi mu ɗauko labarin gida guda mu baje shi kowa ya duba da idonsa. Gidan ba na Musulmi ba ne, ba kuma a ƙasar nan yake ba. Gidan su Jimmy Carter ne, shugaban ƙasar Amurka na 39, wanda ya yi mulki daga 1977 zuwa 1981. Dattawa cikinmu sun tuna zuwansa Legas a 1978, zamanin Janar Obasanjo. Abin da ya ja hankalinmu gare shi shi ne, mutumin nan ya yi talla yana yaro, tallan dafaffiyar gyaɗa, irin wanda 'ya'yanmu ke yi a tasha da bakin kasuwa.

An haife shi ran 1 ga Oktoba, 1924, a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Plains, cikin jihar Jojiya, a kudancin Amurka. Mahaifinsa, Earl Carter, manomi ne kuma mai kanti. Shi Earl ɗin maraya ya tashi, domin an harbe ubansa a 1903 a kan rigimar wani tebur da aka ɗauke masa, lokacin yaron bai kai shekara goma ba. Ku ji fa, tebur! Ran mutum ya tafi a kan abin da kafinta zai haɗa cikin wuni biyu. Mahaifiyar Jimmy kuwa, Lillian, nas ce, kuma a asibitin da take aiki ta haife shi. Shi ne babba, sai ƙannensa uku: Gloria, da Ruth, da Billy.

Yana da shekara huɗu, watau a 1928, uban ya kwashe iyali suka koma wani ƙauye da ake kira Archery, kamar mil uku daga Plains, inda yake da gona mai wajen eka 360. Ana noma auduga da gyaɗa da masara da rake. Kada jin sunan Amurka ya ruɗe mu. Gidan nan babu ruwan famfo a farko, babu lantarki sai 1938, bayan gida a waje yake, girki da itace ake yi. Tun kafin gari ya waye wani mutum mai suna Jack Clark zai buga ƙararrawa, kowa ya fito da fitila a kama alfadarai a nufi gona, har da ɗan mai gonar, ƙafa ba takalmi.

Bari mu zo kan tallan, domin nan ne ɗan kasuwa zai fi jin daɗin labarin. Tun yana shekara biyar zuwa shida, in ɗanyar gyaɗa ta nuna, sai ya shiga gona da yamma ya tuge, ya tsinke, ya wanke, ya jiƙa ta kwana. Da asuba ya dafa da gishiri, ya ƙulla cikin 'yan jakunkunan takarda guda 20, ya bi gefen hanyar jirgin ƙasa a ƙafa har Plains. Kowace jaka santi biyar, in ya sayar duka ya tashi da dala guda, wanda kusan shi ne abin da ƙato ke samu in ya wuni yana ƙwadago a gona a zamanin. Ya san masu saye kullum, ya san masu wasa da shi su ɓata masa lokaci, ya kuma ji irin maganganun da manya ke yi a majalisa suna zaton yaro ba ya ji. Wannan duk mun san shi, babu wanda zai koya mana.

Inda labarin ya sha bamban da namu shi ne inda kuɗin suka shiga. Uban bai karɓe su ya zuba a cefane ba, uwar ba ta sa su a adashi ba. An bar wa yaro kuɗinsa yana tarawa. Da aka shiga tsananin karyewar tattalin arzikin duniya, auduga ta faɗi har laba guda ta koma santi biyar, sai uban ya raka shi ya sayi dila biyar, alhali bai cika shekara goma ba. Aka ajiye a sito. Bayan 'yan shekaru farashi ya kai santi 18, ya sayar. Da kuɗin nan ya sayi 'yan ƙananan gidaje biyar ya zuba 'yan haya, yana karɓar dala 16 da rabi kowane wata, yana bi a kan keke yana karɓa, in taga ta lalace ya gyara da kansa. Jama'a, wannan shi ne saye lokacin kaka a sayar da bazara, abin da kakanninmu suka yi arziki da shi. Uban nan da gangan yake koya wa ɗansa sana'a. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah: yarinyar da ta wuni da faranti a ka, ko yaron da ke tura baro a kasuwa, nawa ne nasu a cikin cinikin? Wa ya taɓa zaunar da su ya nuna musu yadda ake ware uwar kuɗi daga riba?

Sa'an nan tallan bai hana shi makaranta ba. Na ɗan lokaci ne a shekara, in ya wuce ya wuce. A gidan nan an yarda kowa ya zo wurin cin abinci da littafinsa yana ci yana karantawa, ɗabi'ar uwar ce ta bi 'ya'yan. A makarantar Plains ya gamu da wata malama, Julia Coleman, mai larurar ƙafa, ga idonta ba ya gani sosai, amma ita ta riƙa ɗora masa manyan littattafai tun yana shekara 12. Ranar da aka rantsar da shi shugaban ƙasa a 1977 sai da ya ambaci sunanta a gaban duniya. Malamanmu na Islamiyya da na boko, ku ji wannan ku ƙara haƙuri da mu, ko da kuɗin wata ya makara.

Uban mutum ne mai zafi, ba ya son wasa da aiki. Carter da kansa ya ƙirga cewa sau shida uban ya zane shi da tsumagiya tun daga yarinta har ya zama saurayi, kuma bai manta dalilin da yawa daga cikinsu ba. Guda ɗaya, an ba shi kwabo ya sa a farantin sadaka a coci, maimakon ya sa sai ya ɗauki wani ya ƙara a aljihu. Sau shida kacal cikin shekara goma sha wani abu. A wasu gidajenmu wannan lissafin mako guda ne, kuma yaron bai san laifin da ya yi ba balle ya daina.

Yanzu sai ɓangaren da ya fi nauyi. Kudancin Amurka a wancan zamani ƙasar wariyar launin fata ce, kuma da doka ake yi. Baƙar fata, jikokin bayin da aka kwasa daga nahiyarmu, ba sa shiga makaranta ɗaya da Turawa, ba coci ɗaya, ba taragon jirgi ɗaya. A Archery gidajen Turawa biyu ne kawai masu zaman dindindin, saura wajen gida 25 duk baƙar fata ne, galibinsu suna aiki a gonar Earl ko suna noma a raba amfani. Saboda haka abokan wasan Jimmy duk baƙaƙe ne. Babban amininsa wani yaro ne da ake kira A.D. Davis. Tare suke su, tare suke farauta, tare suke kokawa. Amma in za su kallon silima a garin Americus, da sun hau jirgi sai a raba su tarago, a gidan silima Jimmy ya zauna ƙasa, A.D. ya hau can sama inda aka keɓe wa baƙaƙe, in an tashi su haɗu su dawo gida kamar ba a yi komai ba. Da safe mota ta ɗauki Jimmy zuwa makaranta, 'ya'yan baƙaƙe kuwa su taka a ƙafa zuwa azuzuwan da aka raɓa a coci.

Uwar takan yi doguwar jinya a gidajen marasa lafiya, wani lokaci sa'a 20 a rana, a biya ta da kaza ko ƙwai, ko ma a kasa biya. Ba ta duba fatar mai ciwo. A irin waɗannan ranaku yaron a gidan Jack Clark da matarsa Rachel yake kwana, a shimfiɗa a ƙasa kusa da murhu. Rachel ce ta koya masa kamun kifi da sunayen itatuwa, da yadda mutum ke riƙe mutuncinsa ko ba shi da ko sisi. A littafin da ya rubuta kan yarintarsa a 2001, ya lissafa mutum biyar da suka fi tasiri a kansa bayan iyayensa, uku daga ciki baƙar fata ne.

Cikin gida guda, miji da mata sun rabu a kan ƙofa. Al'adar wurin ita ce baƙin mutum ta ƙofar baya yake zuwa gidan Bature. Akwai wani babban limamin coci baƙar fata a Archery, Bishop William Johnson, mai ilmi, mai makaranta, mai mota. Shi ba zai bi ta baya ba, Earl kuma ba zai karɓe shi ta gaba ba. Sai suka sami dabara: ya tsaya da motarsa a bakin gida, Earl ya fito su gana a waje. Amma ɗan Bishop ɗin, wanda ya yi karatu a arewacin ƙasar, in ya zo hutu kai tsaye yake ƙwanƙwasa ƙofar gaba, Lillian ta shigar da shi falo su yi hira, Earl kuwa ya sulale ya bar gidan kamar bai gani ba. Duk wannan a kan idon yaro.

A 1938 aka yi damben nan na Joe Louis, baƙar fata, da Max Schmeling na Jamus. Maƙwabta suka roƙi Earl ya bar su su saurara. Ya ɗora rediyo a taga, suka taru a tsakar gida. Tun a zagayen farko Louis ya gama da Bajamushen. Babu wanda ya yi ko tari. Suka yi wa mai gida godiya cikin ladabi, suka tsallaka hanya suka shiga wani gida nasu suka rufe ƙofa, sa'an nan guɗa da ihu suka ɓarke har gari ya waye. Mu da ke zaune a garin wasu, mun san abin da ake nufi da mutum ya haɗiye murnarsa sai ya koma cikin nasa.

Wajen wannan lokaci, yana shekara 14, wata rana suna dawowa daga gona shi da A.D. da wani abokinsu, da suka iso ƙofar shingen makiyaya sai abokan suka buɗe suka ja da baya don ya fara wucewa. Ya ɗauka wata muguntar suka shirya masa, ko igiya suka ɗana ya faɗi. Ashe an gaya musu a gida ne cewa lokaci ya yi. Daga ranar zumuncin bai koma yadda yake ba.

Ba mu ce zamanmu da masu masaukinmu a nan Kudu irin wancan ne ba, Allah Ya kiyaye, babu dokar da ta raba mu tarago. Amma 'ya'yanmu tare suke tashi da nasu, suna jin yarensu fiye da mu, kuma ba su san wani bambanci ba sai ran da suka ji shi a bakin babba. Sunan da muke kiran maƙwabci da shi in ya juya baya, da wanda muke shimfiɗa wa tabarma a zaure da wanda muke tsayarwa a waje, yaro yana gani yana ajiyewa, su ma can haka. In rigima ta tashi a kasuwa, Allah Ya sawwaƙe, abin da aka ajiye ɗin nan shi ke fitowa.

Carter ya gama makarantar Plains a 1941. Wani kawunsa, Tom Gordy, sojan ruwa ne mai aiko masa da katuna daga ƙasashe, shi ya sa masa sha'awar teku. Ya shiga makarantar hafsoshin ruwa ta Annapolis, ya fito a 1946, a shekarar kuma ya auri Rosalynn Smith, 'yar garinsu, wadda uwarsa ce ta karɓi haihuwarta. A 1953 uban ya kwanta ciwon ajali, ciwon daji. Da Jimmy ya zo jinya sai ya ga mutane, baƙi da fari, suna ta sintiri, kowa da labarin alherin da mutumin ya yi masa a ɓoye: bashin da ya yafe, tufafin da ya saya wa 'ya'yan talakawa ba da sunansa ba. Watau mutumin da ya hana Bishop ƙofar gaba shi ne kuma wannan. Abin ya girgiza shi har ya ajiye aikin soja ya dawo ya riƙe gona da siton gyaɗa, matarsa ba ta so ba. Shekarar farko fari ya sa kusan ba su ga riba ba, a gidan gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi suka zauna.

A nan aka gwada shi. Turawan yankin suka kafa ƙungiyar kare wariya, suka zo ya shiga, kuɗin rajista dala biyar. Ya ƙi. Wasu suka janye cinikinsu daga sitonsa, daga baya suka dawo. Kowane ɗan kasuwa a nan ya san zafin ganin abokin ciniki ya wuce rumfarka. Da ya zama gwamnan Jojiya a 1971, a jawabinsa na farko ya shaida musu cewa zamanin wariya ya ƙare. Ita kuwa tsohuwar, Lillian, tana da shekara 68, a 1966, ta tafi Indiya aikin sa kai, ta yi kusan shekara biyu tana jinya, har da kutare.

Bayan ya sauka daga mulki ma ƙasarmu ta ci moriyarsa. Cibiyarsa ta shiga yaƙi da kurkunu daga 1986, daga baya kuma tare da Janar Gowon a nan gida. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu cutar sama da 650,000 a Nijeriya, a 2013 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu ita a ƙasar. Ya rasu ran 29 ga Disamba, 2024, yana da shekara 100, a gidansa na Plains, 'yan mil kaɗan daga gonar da ya tugi gyaɗar talla.

Shugaban taro yana duban agogo, ga kuma lokacin salla ya gabato. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa albarka a kasuwa.