Yabo da Kasuwa: Dalilan da Kan Sa a Yanke Fitattun Wasannin Talabijin



Hausawa kan ce ruwa ba ya tsami banza. Tambayar da wannan lacca za ta yi ƙoƙarin amsawa ita ce: me kan sa a yanke wasan kwaikwayon da masu sharhi suka yaba, tun labari bai kai ƙarshe ba? Za a ɗauko misalai daga Amurka, domin a can ne al'amarin ya fi fitowa fili.

Da farko dai, ya kamata a san mai saye da abin sayarwa. Manyan gidajen talabijin na can, watau ABC da CBS da NBC da Fox, da kuɗin talla suke ci. Hajarsu ita ce idanun masu kallo, musamman 'yan shekara 18 zuwa 49, waɗanda masu talla suka fi kwaɗayi. Kamfanin Nielsen ne ke ƙidayar masu kallon, da ƙidayarsa kuma ake yanka farashin talla. To, wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Alal misali, a 1999 NBC ta fara nuna Freaks and Geeks. An shirya kashi 18, amma 12 kaɗai aka nuna aka dakatar da shi. Daga bisani, a 2007, mujallar Time ta sa shi cikin wasanni 100 mafiya inganci da aka taɓa yi.

Na biyu, lokacin da aka ba wasa shi kansa hukunci ne. Star Trek ya fara a 1966. Da aka ji ƙishin-ƙishin za a yanke shi, masoyansa suka yi ta aika wasiƙu har aka ƙara masa zango ɗaya. Sai dai an mayar da shi ƙarfe 10 na daren Jumma'a, lokacin da samari ba sa gida. A 1969 ya tsaya a kashi na 79.

Na uku shi ne tsada. Gidan HBO da kuɗin masu biyan wata yake aiki, duk da haka bai tsira daga lissafi ba. Wasan Rome, wanda ya haɗa gwiwa da BBC suka shirya a Italiya, zangonsa na farko ya ci wajen dala miliyan 100. An fara shi a 2005, aka rufe a 2007 bayan zango biyu. Masu nunawa ta intanet ma haka abin yake gare su. Netflix ta saki wasan 1899 a watan Nuwamba na 2022, kafin wata biyu ya cika aka ji ba za a ci gaba da shi ba.

Shin yabo ba shi da amfani ke nan? Yana da shi, idan ya samu mai haƙuri. Hill Street Blues ya fara a 1981 da 'yan kallo ƙalilan. NBC, wadda a lokacin ita ce kurar baya a cikin manyan gidaje uku, ta bar shi. Ya ci lambobin Emmy 8 a wannan shekara, jama'a suka farga, ya kai har 1987. Shi ma Star Trek da aka raina, maimaita shi da aka yi ta yi a shekarun 1970 ya haifar da finafinai da sababbin wasanni masu yawa.

A taƙaice, mai sharhi ingancin wasa yake aunawa, mai gidan talabijin kuwa cinikin mako yake dubawa, alhali wasa mai zurfi yakan daɗe kafin ya tara jama'arsa. Duk wanda aka danƙa wa jagorancin gidan watsa shirye-shirye, ko ɗalibin da ke shirin shiga wannan aiki, sai ya tambayi kansa tsawon lokacin da zai iya jira kafin ya yanke hukunci.