Labaran Kai-tsaye a Hannun Ɗaliban Jami'a

Abin da nake son kafa wa hujja a yau shi ne, duk jami'ar da ke bayar da digiri a fannin watsa shirye-shirye ya wajaba ta riƙa fitar da labaran talabijin kai-tsaye, a ƙayyadadden lokaci, ɗalibai su haɗa, su karanta, mutanen gari kuma suna kallo. Talabijin ya daɗe a Najeriya. An buɗe gidan farko a Ibadan a 1959, na Kaduna ya biyo baya a 1962, aka haɗe gidajen a ƙarƙashin NTA a 1977, ita kuma ta kafa kwalejinta a Jos a 1980 don horar da ma'aikata. Tun lokacin aikin ya rabu gida biyu: jami'a na koyar da nazari, gidajen talabijin na koyar da hannu. Amma a 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta sanar da rarraba digirin aikin jarida zuwa fannoni bakwai, watsa shirye-shirye ya tsaya da ƙafarsa. Jami'ar da ta rubuta wannan suna a takardar shaidar ɗalibi ta yi wa mai ɗaukarsa aiki alkawarin da lacca kaɗai ba za ta cika ba.

Dalilin yana cikin ɗakin sarrafawa, mintuna kaɗan kafin a shiga iska. Darakta na zaune gaban jerin allo, yana ƙirga daƙiƙoƙi a kunnen mai karanta labarai. Rahoto na biyu ya ƙi tashi, an sami giɓin daƙiƙa arba'in. Ana cikin haka wakili ya bugo waya daga kasuwa cewa gobara ta tashi, kuma "ana cewa" mutane sun mutu. Edita yana da ƙasa da minti ɗaya ya yanke shawara: a faɗi gobarar, a riƙe adadin har sai hukumar kashe gobara ko asibiti sun tabbatar, a ɗago labari na huɗu ya cike gurbin, a kuma gaya wa mai karantawa duk wannan cikin jimla guda alhali bakinta na kan wani labarin. Abin da ake koyo a nan shi ne yanke hukunci agogo na tafiya. Ɗalibin da ya saba da shirin da ake naɗa, wanda in harshe ya sarƙe sai a ce a sake, bai taɓa ɗanɗana wannan ba, domin a ransa ya san akwai gyara. Labaran kai-tsaye zarar bunu ne, kuma sanin hakan ne ke sa mutum ya tantance suna sau biyu kafin ya miƙa takarda.

An gwada wannan hanya, ta kuma daɗe tana aiki. Jami'ar Missouri a Amurka, wadda ta buɗe makarantar aikin jarida a 1908, ta mallaki gidan talabijin na KOMU tun 1953, gidan kasuwanci sosai da ke ba mutanen garin Columbia labarai, ɗalibai suna aikin wakilai da masu shirya labarai, ƙwararrun editoci na tsaye a kansu. A gida ma tunanin ba baƙo ba ne. Jami'ar Legas tana da rediyo da talabijin nata, Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello suna da gidajen rediyo a harabarsu. Babu kuma wanda ke musun cewa ɗalibin likitanci sai ya zaga ɗakunan marasa lafiya a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, yana bin babban likita, kafin a sake shi ga jama'a.

Za a ce kuɗi, za a ce wuta. Wannan ƙorafi yana da ƙarfi shekaru talatin da suka wuce, lokacin da kyamara guda ke cinye kasafin sashe. Yau kyamarori uku matsakaita, ƙaramar na'urar sauya hoto, kwamfuta, makirufo masu kyau da batiran sola sun isa a fitar da labaran minti goma sha biyar ta YouTube ko Facebook. Abin da ke da tsada a gaskiya mutane ne: injiniya ɗaya da editoci biyu ko uku da suka yi shekaru a ɗakin labarai. A nan ƙa'idojinmu na ɗaukar malamai suke yi mana tarnaƙi, domin mutumin da ya shekara ashirin yana shirya labaran dare a NTA Kaduna ko ARTV Kano ba ya samun gurbi in ba shi da babban digiri. Ya kamata majalisun jami'o'i su buɗe wa irin waɗannan ƙofa ta musamman, da albashin da zai riƙe su.

Wasu abokan aiki suna ganin jami'a wurin nazari ce, koyon hannu kuwa na kwalejin fasaha ne, ga kuma watannin SIWES da ake tura ɗalibai gidajen talabijin. Ina girmama wannan ra'ayi, amma dubi yadda watannin suke wucewa. Gidan da ke da lasisi da masu talla ba zai ɗora ɗan koyo a kujerar darakta ba, kuma yana da gaskiya; sai yaro ya ƙare da riƙon waya da jan igiyar kyamara. Nazarin ma ai a ɗakin labarai yake samun nama. Darasin dokar ɓata suna da ɗalibi ya haddace don jarrabawa yakan zama nasa ne ranar da ya rubuta "ɓarawo" a inda ya kamata ya rubuta "wanda ake zargi", edita ya mayar masa da takardar a gaban kowa.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na haɗari, kuma ba zan raina shi ba. A yankin da labarin rikici da aka faɗa ba daidai ba zai iya sa a rufe kasuwa kafin azahar, barin ɗan shekara ashirin da makirufo a buɗe abin tsoro ne. Sai dai wannan yaro zai riƙe makirufon ko mun so ko mun ƙi. Wayarsa ma ta ishe shi watsa kai-tsaye ga dubban mutane a daren nan. Zaɓin da ke gabanmu shi ne ya yi kuskurensa na farko a inda malami ke karanta kowace takarda kafin ta shiga iska, ana bin ƙa'idojin Hukumar NBC mai kula da kafofin watsa shirye-shirye, ana zama bayan kowane shiri a sake kallonsa a tsefe shi, ko kuwa ya yi shi shi kaɗai ba mai kwaɓa. Ana kuma iya hawa mataki-mataki: 'yan aji biyu su rubuta, 'yan aji uku su fita rahoto, 'yan ajin ƙarshe su zauna kujerar edita.

Sannan a yi labaran da Hausa da Turanci duka. Yawancin waɗanda za mu yaye a Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri da Hausa za su ci abinci, a gidajen jihohi da masu zaman kansu, kuma a can sanarwar gwamnati kan iso da Turanci saura rabin awa, a ce a juya ta. Juya bayanin kasafin kuɗi ko hukuncin kotu zuwa Hausar da mai shayi zai gane, ba tare da an karkatar da ma'ana ba, gwaninta ce da ke buƙatar sashen harsunan Najeriya ya zauna teburi ɗaya da sashen watsa shirye-shirye, malamin fassara ya riƙa duba takardun labaran yamma tare da edita kafin a kunna fitilun situdiyo.