IN HUKUNCI YA YI SAUƘI, WA KE DA IKON YIN AFIL?

Laccar da magatakardan jam'iyyarmu ya yi wa 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa a Argungu

Malamai, iyayenmu mata, masunta da masu sayar da shinkafa, muna yi muku godiya da kuka bar rumfunanku kuka zo.

Kowa ya san afil, watau ɗaukaka ƙara. Amma yawancinmu mun ɗauka afil na wanda aka ɗaure ne kaɗai, wanda ya ga hukunci ya yi masa nauyi. To, akwai afil na biyu, shi ne wanda ake yi in hukunci ya yi sauƙi har ya zama abin dariya. Shi muka zo mu yi magana a kansa yau, domin galibi babban mutum ne ke samun irin wannan sauƙi, talaka kuwa ba ya samu.

Ga misali. A watan Janairu na 2013 wani babban ma'aikacin ofishin fanshon 'yan sanda, John Yakubu Yusuf, ya amsa laifinsa a Babbar Kotun Abuja a kan kuɗin fansho sama da naira biliyan 20. Joji Abubakar Talba ya ce a ɗaure shi shekara biyu, ko kuwa ya biya tarar naira 750,000. Gaskiya ne an ƙwace masa gidaje da wasu kuɗi, ba za mu ɓoye wannan ba. Amma ku 'yan kasuwa ku yi lissafin tarar da kanku. Kamar mutum ne ya kwashe buhun shinkafa dubu talatin, aka ce ya kawo buhu ɗaya ya tafi gida. Ya biya nan take, ya fita. Tsofaffin 'yan sandan da kuɗinsu ne kuwa suna can suna jiran fansho.

Ƙasa ta ɗauki hayaniya. Majalisar kula da alƙalai ta dakatar da jojin shekara ɗaya. Hukumar EFCC ta yi afil, sai a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke wancan hukunci, ta yanke masa ɗaurin shekara shida da biyan naira biliyan 22.9, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar a 2022. Shekara tara ke nan kafin magana ta ƙare, amma ta ƙare.

Kada ku ce wannan labarin Abuja ne. A nan Birnin Kebbi an gurfanar da tsohon Akanta-Janar na jiha, Mohammed Arzika Dakingari, a kan kwangilolin gwamnati, Babbar Kotun jiha ta wanke shi. EFCC ba ta yarda ba, ta yi afil, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta rushe wankewar a 2018, ta same shi da laifi. Ashe dai hanyar tana nan, kuma tana aiki in an bi ta.

To, ina gizo ke saƙar? Ku lura, a shari'un nan biyu hukumar Tarayya ce ta yi afil. A dokar ƙasar nan, sashe na 243 na tsarin mulkin 1999, afil a shari'ar laifi haƙƙin wanda ake tuhuma ne, ko kuwa ɓangaren gwamnati mai gabatar da ƙara. Wanda aka cuta shi shaida ne kurum. In an kashe maka ɗa, ko an cinye kuɗin asibitin garinku, aka yi wa mai laifi hukuncin wasa, ba ka da ikon zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Sakkwato da ƙafarka. Sai lauyan gwamnati ya ga dama. Kwana 90 ne kuma wa'adin afil daga Babbar Kotu, in ya yi shiru suka wuce, sai an roƙi kotu ta ƙara lokaci.

Wane ne kuwa babban lauyan gwamnatin jiha? Shi ne Atoni-Janar, shi ne kuma Kwamishinan Shari'a, Gwamna ya naɗa shi, Gwamna ke iya sauke shi. Sashe na 211 ya ba shi ikon ɗaukar shari'a, da karɓe ta daga hannun wani, da janye ta kafin a yanke hukunci. In wanda ake tuhuma ɗan gida ne, kuna tsammani kura za ta kai ƙarar kura? Ba mu ce kowane Atoni-Janar azzalumi ne ba. Mun ce bai kamata a ɗora wa mutum ɗaya hula biyu ba, sa'an nan a ce kada a tambaye shi. Har in ka yi ƙarar gwamnati ka ci, wata tsohuwar doka ta zamanin Turawa ta ce sai da yardar Atoni-Janar za a taɓa kuɗin da ke hannun ma'aikacin gwamnati a biya ka.

A Ingila, inda muka gaji yawancin dokokin nan, sun yi gyara tun 1988. A can kowane mutum, ko shari'ar ba ta shafe shi ba, yana iya rubuta wa Atoni-Janar cewa hukuncin wani babban laifi ya yi sauƙi, a duba, in an ga haka ne a kai shi kotun sama.

Abin da jam'iyyarmu ke nema ke nan a Majalisar Dokoki ta Birnin Kebbi. A yi doka wadda za ta ba wanda aka cuta, ko danginsa, ko ƙungiyar kasuwa, damar kai kuka a rubuce, a kuma tilasta wa Ma'aikatar Shari'a ta ba da amsa a rubuce kafin wa'adi ya cika, ta faɗi dalilinta in ta ƙi yin afil. Sashe na 211 ɗin nan da kansa ya ce Atoni-Janar ya kula da amfanin jama'a da adalci. To, mu ne jama'ar.

Kafin a yi dokar, ga aikinku. In an yanke hukunci a Argungu ko Birnin Kebbi kuka ga da lauje cikin naɗi, ku rubuta sunan kotu, da lambar shari'a, da ranar hukunci, ku kawo ofishin jam'iyya a cikin makon. Za mu rubuta takarda, sarkin kasuwa da dattawa su sa hannu, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala, mu kai ma'aikatar, mu karɓi shaidar an karɓa, mu buga ta a wannan jarida tare da kwanan wata.

Wassalam.