KAFIN A CI BASHIN KARATU, A FARA DUBA ALBASHI

Jawabin da wani ɗan uwa ya gabatar a zaman matasa, kan kwas ɗin taimaka wa likita a Amurka.

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa, 'yan uwa, an nemi in yi magana kan wani kwas da ake yawan tallata wa matasa a Amurka, musamman baƙin da suka sami takardar zama. Wasunmu suna da ƙanne da 'ya'ya a can, kuma sukan bugo waya neman shawara. To kada mu ba da shawara da ka.

Kwas ɗin na masu taimaka wa likita ne a ɗakin duba marasa lafiya. Su ne ke auna jini da zafin jiki, su rubuta bayanin maras lafiya, su ɗibi jini don gwaji, su tsara wa mutane ranar ganin likita. A lura, ba nas ba ne. Ana yin sa iri biyu: satifiket na kamar shekara 1, ko ƙaramin digiri na shekara 2, wanda ya yi kama da diflomarmu ta nan. A kan na biyun ne ake cin bashi mai nauyi.

Mu fara da albashi. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta ce a watan Mayun 2024 matsakaicin albashin mai wannan aiki Dala 44,200 ne a shekara. Na san wani ya riga ya fara juya shi zuwa Naira a zuci. Dakata, ɗan uwa! Wanda ya karɓi albashi da Dala, da Dala zai biya haya, da Dala zai ci abinci. In aka raba, Dala 3,680 ne a wata, tun ba a cire haraji ba. Kuma matsakaici ke nan, ma'ana rabin ma'aikatan ba su kai haka ba, sabon shiga kuwa yawanci a cikinsu yake.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki. Wannan hukumar dai ta ce a 2024 wanda ya tsaya a sakandare, mai shekara 25 zuwa sama, da ke aiki cikakken lokaci, matsakaicin samunsa Dala 930 ne a mako, wato sama da Dala 48,000 a shekara. Ita kuwa cikakkiyar nas, Dala 93,600. Sannan a akasarin jihohin Amurka doka ba ta wajabta digiri kafin a yi wannan aiki ba. Wasu ma a bakin aiki suke koyo. To, bashin me ake ci?

Yanzu bashin. Ɗalibin da ke cin gashin kansa zai iya karɓar rancen gwamnatin tarayya har Dala 9,500 a shekarar farko, 10,500 a ta biyu. Dala 20,000 ke nan. Kuɗin ruwan rancen da aka bayar a zangon 2024 zuwa 2025 kashi 6.53 cikin 100 ne. In za a biya cikin shekara 10, kowane wata Dala 227, jimla kusan Dala 27,300. Ashe Dala 7,300 ruwa ne zalla. Mu Musulmi mun san sunan wannan ƙarin da hukuncinsa, riba ce, don haka a wajenmu maganar ta wuce lissafi kawai. Kuma ko kotu ta tabbatar mutum ya karye, da wuya a yafe masa irin wannan bashi. A 2023 Ma'aikatar Ilimin Amurka da kanta ta sa ma'auni cewa biyan bashin shekara kada ya wuce kashi 8 cikin 100 na albashi. A kan Dala 44,200, ma'aunin ya tsaya wajen bashin Dala 26,000. Wanda albashinsa bai kai nan ba, iyakarsa ta fi haka ƙasa.

Inda gizo ke saƙar shi ne makarantar da aka zaɓa. Kwalejojin al'umma na gwamnati, a zangon 2024 zuwa 2025, matsakaicin kuɗinsu ga ɗan yankin kusan Dala 4,000 ne a shekara, alhali tallafin Pell da ake ba marasa ƙarfi, wanda ba a biya, ya kai Dala 7,395 a zangon. Makarantun 'yan kasuwa kuwa sukan ninka wannan kuɗi, a kan aiki ɗaya da albashi ɗaya. Kamfanin Corinthian, mai makarantun Everest da ke koyar da wannan kwas, ya durƙushe a 2015. Sai a 2022 gwamnati ta yafe wa ɗalibansa 560,000 bashin Dala biliyan 5.8. Shekara 7 ke nan tsakani.

Saboda haka in an tambaye mu, mu ce wa ɗan uwa ya yi abu huɗu. Na farko, ya shiga shafin College Scorecard na Ma'aikatar Ilimi, ya duba bashi da albashin waɗanda suka gama kwas ɗin a wannan makaranta. Na biyu, ya tabbatar hukumar CAAHEP ko ABHES ta amince da kwas ɗin, domin ita ce sananniyar hanyar zama jarrabawar CMA, wadda masu ɗaukar aiki da dama ke nema. Na uku, ya tambaya ko darussan za su bi shi in ya so wucewa karatun nas. Na huɗu, ya fara neman tallafi da makaranta mai sauƙi, ko satifiket na shekara 1, kafin ya sa hannu a takardar rance.

'Yan uwa, ban raina sana'ar ba. Hidimar marasa lafiya aiki ne mai daraja, kuma ana neman masu yin sa. Abin da nake cewa shi ne, a saye shi a kan farashinsa, kada mai talla ya sa matashi ya jinginar da shekara 10 na rayuwarsa.

Allah ya raba mu da ƙangin bashi, ya ba mu halal mai albarka.